Yadda ake aiki a ɗakin sanyi na kifi ba tare da jiki ya illata ba

Sabon leburan da aka ɗauka a ɗakin sanyi a Birnin Kebbi, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da zafi kan haura digiri 40, yakan ɗauki shiga ɗakin tamkar hutu. Ɗakin da ake ajiye kifin ƙanƙara, irin su titus da shawa da ake kawowa daga Legas, ana riƙe shi ne a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, wato tsakanin bakin tirela da cikin ɗaki akwai tazarar digiri kusan 60 da mutum zai ratsa cikin taku biyu.

Kafin a ɗauki kowa aiki, a tambayi lafiyarsa. Ni da nake kula da ma'aikata, mai ciwon sikila ba na barinsa ya shiga ko na minti ɗaya, domin sanyi yana tayar da ciwon, masu asma da hawan jini da ciwon suga kuwa sai likita ya duba su tukuna.

Abin da na ga ya fi kayar da sababbi shi ne gumi. Yaro zai sauke kwalaye daga tirela a tsakar rana har rigarsa ta jiƙe sharkaf, sannan ya ɗora jaket a kanta ya faɗa ɗaki, yana ganin ya rufe jikinsa. Ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, saboda haka jiƙaƙƙiyar rigar da ke manne da fatarsa ita za ta riƙa zuƙe ɗuminsa, komai kaurin abin da ya ɗora a sama. Dokata ita ce a raba ma'aikata gida biyu, masu saukewa a waje da masu jerawa a ciki, su riƙa miƙa wa juna kwali a bakin ƙofa. Idan hannu ya yi kaɗan, duk wanda zai shiga ya zauna a inuwa har gumin ya tsane, ya goge jiki, ya sauya riga. Haka ma bayan alwala. Wani yaro da ya yi aiki a ƙarƙashina ya zura ƙafa da danshin alwalar azahar cikin takalmin roba, ya koma ciki fiye da sa'a guda, bai ji ciwo ba domin yatsun sun riga sun mutu da sanyi, sai da ya shafe makonni yana jinya. Laifina ne da ban duba shi ba, kuma tun daga ranar nake ajiye tawul da busassun safa a bakin ƙofa.

Tufafi hawa uku ake sawa. Ta ciki kada ta zama ta auduga, gara irin rigar 'yan ƙwallo da ba ta riƙe gumi, sai rigar ulu, sai jaket mai tare iska, da hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu. Duka ana samunsu a gwanjo, kuma sun fi araha bayan hunturu ya wuce. Takalmi kada ya matse, domin matsi yana rage gudun jini zuwa yatsu, kuma kada a taɓa ƙarfen ɗakin da hannu tsirara.

Ni minti 40 nake ba mutum a ciki, sannan ya fito ya sha shayi mai ɗumi na kwata ɗin awa. Taba ba ta ɗumama kowa, tsuke jijiyoyin jini take yi. Da azumi a mayar da aiki mai nauyi bayan buɗa baki. Kowace safiya a gwada mabuɗin ƙofa na ciki, kada kowa ya shiga ba wanda ya sani, kuma inda injin sanyaya ɗakin ke amfani da iskar gas ta amoniya, da an ji warinta mai yaji a fice.

Wanda ya fara kyarma ba tsayawa, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ɗumin jikinsa na iya sauka ƙasa da digiri 35, sai a fitar da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a wuce asibiti. Yatsan da ya yi fari ya sandare kada a murza shi, kada a kara shi a wuta ko a jikin janareta. A tsoma shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta jure, sannan a naɗe shi da tsumma mai tsabta kafin a isa wurin likita.