Zanen Katangar Makaranta: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Da an gyara firamare a Kebbi sai a kira mai fenti ya ƙawata katangar filin wasa, kuma kusan duk sabon hannu ramin da na gabansa ya faɗa, nan yake faɗawa.

Mafi ba ni haushi shi ne zana abin da yara ba su sani ba: tuffa, dusar ƙanƙara, ɓeran katun na Turawa. A Argungu fa! Garin da yaro ya buɗi ido ya ga homa da gora, ya ga kogin Matan Fada maƙil da masunta. Ɗan Zuru yana da bikin Uhola, ɗan Yawuri yana da jiragen ruwan bikin Rigata, ga fadamun shinkafa. Yaron da ya ga kwalekwale irin na babansa a bango zai jawo ƙaninsa ya nuna masa, kuma ba zai bar wani ya goga gawayi a wurin ba. Ni alli nake raba wa 'yan aji huɗu zuwa shida, su zana a ƙasa, in ɗauki nasu in faɗaɗa. Inda hannunsu ke kaiwa kuma su nake bar wa burushi. Layi ya karkace? To, nasu ne.

Kuskure na biyu ya taɓa cinye mini kuɗin aiki kaf. Wani shugaban makaranta ya matsa wai manyan baƙi na tafe, aka shafa fenti kan ɗanyen filasta. Damina ɗaya bangon ya fitar da farin gishiri, fentin ya kumbura yana ɓarewa, da aljihuna aka sake. Filasta na son kamar kwana 28 kafin ya sha fenti. Haba jama'a, baƙo zai tafi, katanga na nan! Ku kuma masu tsinka fenti har ya koma koko don bokiti ɗaya ya isa, zafin ranar Afrilu zai tona muku asiri.

Kada a shafa da tsakar rana ko ranar ƙurar hunturu. Tsohon fenti a kankare shi tukuna. In fentin mai ne, a tabbatar babu dalma a ciki.

Kafin a zana fuskar mutum ko dabba, a zauna da kwamitin iyaye da limamin unguwa. In ba su so, akwai dagi, da gonaki, da haruffan boko da na ajami.