Darasi na Tara: Tantanin da Ke Daskarewa Ya Kuma Narke

Ku ɗiga mai kaɗan a kofin ruwa ku girgiza. Kafin ku ajiye kofin, man ya fara tattaruwa yana hawa sama. Mai da ruwa ba sa ga maciji, wannan kowa ya sani. To amma akwai wani irin mai a jikinmu da ya raba ƙafa: kansa na son ruwa, jelarsa biyu kuwa gudun ruwa suke yi. Sunansa fosfolifid. Mu faɗa tare a hankali: fos-fo-li-fid.

Da ƙwayoyin halitta aka gina jiki, kowace ƙwaya kuma tana lulluɓe cikin tantani, fosfolifid ne ginshiƙinsa. Da kansu suke jeruwa sahu biyu, kawuna a waje suna taɓa ruwa, jela da jela a ɓoye a tsakiya. A 1925 masu bincike biyu 'yan ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso man jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa a kan ruwa. Da suka auna, sai suka ga ya kusa ninka faɗin ƙwayoyin sau biyu, suka ce lalle sahu biyu ne. Kaurinsa kuwa, a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki kamar biyar.

Yanzu kowa ya fito da ashana. Ku jera sanduna goma gefe da gefe, kawuna a sama. Kun ga yadda suka manne, ko allura ba ta samun wuri? Haka jelolin suke idan sanyi ya kama tantani: su miƙe sambal, su matsu, ba mai motsi. Wannan shi ne halin daskarewa. Idan zafi ya ƙaru ya kai wani mataki, sai jelolin su fara lanƙwashewa suna kaɗawa, kowane fosfolifid ya ci wuri fiye da da, tantanin ya yi faɗi, kaurinsa ya ragu, suna zagaya juna kamar mutane a taro. Wannan shi ne halin narkewa. Kada ku ɗauka tarwatsewa yake yi, sahun biyu na nan daram. Cikinsa ne kawai ya saki.

Wani fosfolifid da ake kira DPPC, mai ƙwayoyin sinadarin kabon 16 jere a kowace jela, yana narkewa a wajen digiri 41 na ma'aunin Salshiyas. Shi ne mafi yawa a man da ke hana huhu mannewa in mun fitar da numfashi, rashin wannan man ne ke wahalar da bakwaini. Kafin ya narke, a wajen digiri 35, fuskarsa kan yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Ɗan'uwansa mai kabon 14 yana narkewa a wajen 24, mai 18 kuma sai wajen 55. Doguwar jela ta fi riƙe maƙwabciyarta, don haka sai an ƙara mata zafi.

Ku koma kan ashanarku. Ku ɗan karya sanduna huɗu a tsakiya, kada su rabu, su dai yi gwiwa. Ku sake jerawa. Sun ƙi matsuwa, ko ba haka ba? A ganina nan ne gishirin darasin. Fosfolifid mai kabon 18 in kowace jelarsa ta samu gwiwa ɗaya irin wannan, maimakon 55, sai zafin narkewar ya faɗo ƙasa da sifili da wajen digiri 17. Tsawo ɗaya, gwiwa ce kaɗai ta bambanta su.

Halittu suna cin moriyar wannan. Bakteriya in aka mai da ita wuri mai sanyi, sai ta ƙara jeloli masu gwiwa a tantaninta don kada ya daskare. Kifayen tekun ƙanƙara ma haka. A jikin mutum da dabbobi akwai kwalastarol, wanda muka saba jin ana zagi. Yana cusa kansa tsakanin jelolin, ya hana su matsuwa a sanyi, ya hana su sakewa da yawa a zafi.

Daidai lokacin sauyawa, ana samun ɓangare daskararre kusa da narkakke, a kan iyakarsu kuma tantani ya fi yoyo. Masu harhaɗa magani sun gwada ƙunsa magani cikin 'yan ƙwallayen fosfolifid, a ɗumama wurin ciwo zuwa wajen digiri 41 ko 42, ƙwallayen su zubar da shi a nan.

Aikin gida: ku zana sahu biyu na fosfolifid, ɗaya daskararre ɗaya narkakke, ku nuna wanda ya fi kauri. Sannan ku rubuta jimla biyu kan dalilin da ya sa kifin ruwan sanyi ke buƙatar jeloli masu gwiwa.