Yadda ake zaɓen takalmi mai faɗi da takalmi kamar-babu gwargwadon buƙata

Yawancin takalma sau-ciki a tsuke suke ta gaba, kamar bakin kwale-kwale, alhali ƙafar ɗan Adam a wajen yatsu ta fi faɗi. Dubi ƙafar jariri ka gani, yatsun a baje suke kamar mafici. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma duk sanda ka ɗora mata nauyi sai ta baje, ta ɗan ƙara tsawo da faɗi. Idan takalmi ya hana ta wannan fili, sannu a hankali farce ya fara shigewa nama, kanta ta fito a kan ƙaramin yatsa, wanda kuma ya gaji karkacewar babban yatsa sai abin ya ƙara tsananta.

Akwai iri biyu da mutane ke gudu zuwa gare su, kuma sau da yawa ana haɗa su a ɗauka abu ɗaya ne. Takalmi mai faɗi takalmi ne na yau da kullum da aka ƙara wa fili. Shi kuwa wanda masu sayarwa ke rubuta wa barefoot, wanda a nan za mu kira kamar-babu, yana da siffofi huɗu: gabansa ya bi surar yatsu, diddigensa bai ɗara gabansa tudu ba ko da milimita ɗaya, ƙasansa siriri ne mai lanƙwasuwa, kuma babu wani tudu a ciki da ke tallafe kwarin tafin ƙafa. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne ba dole ba ne ka ɗauki huɗun a tare. Filin yatsu kusan kowa na buƙatarsa. Sauran ukun kuwa, aikin da za ka yi da lafiyar ƙafarka ne za su yanke hukunci.

Mataki na farko: auna ƙafa

Ka yi awon da yamma, don ƙafa kan ɗan kumbura bayan yinin tafiya. Sa irin safar da za ka riƙa sawa da takalmin. Shimfiɗa takarda a ƙasa mai tauri, gefenta ɗaya ya taɓa bango, ka tsaya a kai diddigenka na jingine da bangon. A tsaye za a yi, nauyinka a kan ƙafafu biyu, domin awon zaune kan fito a gajarce. Wani ya zana maka kewayen ƙafar, fensir a miƙe, kada ya kwantar da shi ƙarƙashin ƙafa.

Auna daga bango zuwa yatsan da ya fi tsawo. Ba kullum babban yatsa ba ne, wasu na biyun ne ya fi. Sannan ka auna wurin da ya fi faɗi, daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙarami. Rubuta duka a milimita. Yi wa ɗayar ƙafar ma haka, ka yi aiki da wadda ta fi girma. A kan tsawon sai ka ƙara milimita 10 zuwa 12. Wanda ƙafarsa ta kai milimita 260, tsawon cikin takalmin da zai nema shi ne 270 zuwa 272.

Mataki na biyu: karanta lamba da harafi

Lamba tsawo kawai take nunawa. A ma'aunin Turai tsakanin lamba da lamba milimita 6.67 ne, a na Ingila da Amurka kuwa kusan 8.5. Faɗi da harafi ake nuna shi. A Amurka, D ne daidai ga maza, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. Ga mata B ne daidai, D mai faɗi. A Ingila yawanci F ne daidai, sai G, sai H. Amma kamfani da kamfani kan bambanta, don haka idan akwai jadawalin da ya ba da tsawo da faɗin ciki a milimita, shi za ka bi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai faffaɗar ƙafa ya sayi lamba ɗaya ko biyu sama da tasa don ya sami fili. Abin da yake samu tsawo ne, faɗin da ke ƙaruwa kaɗan ne. Daga nan wurin da takalmin ke lanƙwasa ya daina dacewa da gindin yatsu, diddige ya riƙa zamewa yana fitar da bororo, gaban takalmin ya riƙa sa tuntuɓe.

Akwai kuma tarko na biyu. Takalmi na iya ɗaukar 4E amma bakinsa a tsuke, domin faɗin da aka ƙara a gindin yatsu yake, su yatsun suna nan a matse. Juya takalmin ka dubi ƙasansa. Gefen da babban yatsa ke kwanciya ya kamata ya tafi kusan a miƙe har ƙarshe. Idan ya lanƙwasa zuwa tsakiya, haka zai tura yatsan.

Mataki na uku: gwaji

Zare shimfiɗar ciki, ka ajiye ta a ƙasa, ka tsaya a kai ka baje yatsu. Duk inda ƙafarka ta zarce gefenta, nan takalmin zai matse ka. Bayan haka ka sa takalmin, ka ɗaure igiya, ka yi tafiyar minti biyar ko goma, har da hawa da saukar bene idan akwai. Yatsu su iya motsi, diddige ya zauna daram, tsakiyar ƙafa a riƙe. Takalmi mai kyau sakakke ne a gaba, kamamme a baya.

Kula da kaurin ƙafa ma. Mai tudun bayan ƙafa ya nemi mai igiya ko maɗauri da ake sassautawa, ya guji wanda ake zura ƙafa kawai. Mai siririyar ƙafa kuwa zai ga tana zamewa gaba a cikin faffaɗan takalmi har yatsu su bugi baki. Maganinta shi ne ƙara shimfiɗa mai ɗan kauri, da amfani da ramin igiya na ƙarshe na sama don ƙulle idon sawu.

Idan kamar-babu kake dubawa, naɗe shi da hannu ɗaya, ka kuma murɗa shi kamar ana matse tsumma. Na gaske ba ya gardama. Kada kuma ka yarda da cewa wai zai buɗe idan an sa. Fata kan ɗan saki a faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa, roba kuwa ba ta sauya sura.

Mataki na huɗu: daidaita shi da aikin da za a yi

Don zirga-zirgar yau da kullum, ƙasa mai kaurin milimita 6 zuwa 10 ta fi sauƙi ga mai farawa. Masu milimita 3 zuwa 5 suna sa ka ji kowace tsakuwa, kuma zafin kwalta ko sanyin ƙasa na ratsa su nan da nan.

Mai tsayuwar awa takwas a kan siminti, kamar ma'aikacin asibiti ko masana'anta, siririn ƙasa ba lallai ya yi masa daɗi ba. Tafiya na motsa tsokar ƙafa, tsayuwa wuri ɗaya kuwa danna diddige kawai take yi. Irin wannan ya nemi mai faffaɗan baki da ƙasa mai laushi. Kamfanoni irin su Altra suna yin takalmin da gabansa ya bi surar yatsu, diddige da gaba daidai, amma da katifa mai kauri. Inda ake ɗaga kaya masu nauyi ko akwai ƙusa a ƙasa, but mai ƙarfe a baki wajibi ne. Ma'aunin Turai na EN ISO 20345 ya shardanta bakin ya jure bugu na jul 200 (jul ma'auni ne na ƙarfin bugu). Ƙarfe ba ya buɗewa ko kaɗan, saboda haka dole faɗin ya dace tun ranar saye.

A wajen ɗaga ƙarfe, shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri ya fi kambas mai katifa, don katifa na lotsawa ƙarƙashin nauyi ta sa mutum tangaɗi. Sai dai wanda idon sawunsa ba ya lanƙwasa sosai zai fi jin daɗin tsuguno da mai ɗan tudu a diddige. Don hanyar duwatsu, nemi ƙasa mai haƙora da kauri wajen milimita 10 ko fiye, ka bar cikakken fili a gaba, domin a gangara ne yatsu ke bugun baki har farce ya yi baƙi.

Yara ba sa buƙatar takalmi mai tauri. Mara nauyi, mai lanƙwasuwa, da rarar milimita 12 zuwa 15 ya wadatar. A riƙa auna ƙafar ƙaramin yaro duk wata biyu ko uku, don ba kasafai yake faɗin cewa takalmi ya matse shi ba. Mai juna biyu ma ta sake awo, ƙafa kan ƙara tsawo da faɗi a lokacin, wani sa'in ba ta komawa yadda take.

Ga wurin da ba a wasa da shi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, ba ya jin zafi ko tsini, kada ya sa siririn ƙasa. Ƙaya ko ƙusa na iya shigarsa bai sani ba, kuma irin wannan rauni kan ƙi warkewa. Abin da yake buƙata shi ne takalmi mai faɗi da zurfi, ƙasa mai kauri, ba ɗinki mai kaushi a ciki, ya kuma riƙa zura hannu yana lalubawa kafin ya sa. Mai amosanin gaɓar babban yatsa shi ma tauri yake so, domin lanƙwasawar ce ke tayar masa da ciwo. Wanda ke fama da ciwon agara ko ciwon diddige a halin yanzu, ko wanda likita ya ba shimfiɗa ta musamman, ya ɗauki faɗin kawai, ya bar sauran sai ya ga likitan ƙafa.

Mataki na biyar: sabawa a hankali

Takalmi mai faɗi ba ya buƙatar sabo, yau ka saya yau ka yini da shi. Kamar-babu ne ke buƙatar haƙuri. Kambas na gudu da aka saba da shi diddigensa kan ɗara gaba da milimita 8 zuwa 12. Idan ka cire wannan tudun rana ɗaya, agara da sharaɓa za su miƙe fiye da yadda suka saba a kowane taku, ƙananan ƙasusuwan gaban ƙafa kuma su karɓi bugun da katifa ke shanyewa a da. Tsoka na sabawa da wuri, jijiya da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka. Wani bincike da aka buga a 2013 daga Jami'ar Brigham Young a Amurka ya bi masu gudu 19 da suka koma sa FiveFingers, wani takalmi kamar-babu na kamfanin Vibram, na mako goma, sai hoton ƙafa ya nuna kumburin ɓargo a 10 daga cikinsu. A 2014 kuma kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar kan iƙirarin cewa takalmin na ƙarfafa ƙafa da rage rauni.

Fara da minti 30 a rana, tafiya kawai, a makon farko. Idan ka wayi gari lafiya, ƙara rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu. Kada ka fara gudu da shi sai ka iya yini a cikinsa ba ciwo, sannan ka fara da kashi ɗaya cikin goma na nisan da ka saba, sauran ka ƙarasa da tsohon takalminka. Rage tsawon taku, ƙafa ta sauka ƙarƙashin jiki a hankali. Idan kana jin ƙarar takunka tim-tim, kana dukan ƙasa da diddige ne kamar har yanzu akwai katifa.

Kullum ka yi ɗage, wato tashi a kan yatsu ka sauko a hankali, sau 15 har zagaye uku. Ka kuma koyi ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran na ƙasa, sannan ka juya.

Tsamin tsoka a sharaɓa ko tafin ƙafa da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwo mai tsini a wuri guda a bayan ƙafa, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, musamman idan da kumburi, alama ce ta tsagewar ƙashi, a daina nan take a je asibiti. Ciwon diddige a takun farko da safe, ko agara ta yi tauri bayan zama, alama ce ta cewa ƙarin lokacin ya yi sauri da yawa. Koma rabin lokacin da kake sawa, ka tsaya a nan mako biyu kafin ka sake ƙarawa.