Kurakuran da ke cinye wa ɗalibi zango idan yana karatu daga gida

Ɗalibin da ke kwana a cikin makaranta yana da abubuwan da ke tayar da shi ko bai so ba: jadawalin lacca, abokan ɗaki da suka riga shi shiri, da malamin da ke rufe ƙofa ƙarfe takwas. Mai karatu daga gida ba shi da ko ɗaya. Ga shi kuwa matasa da magidanta da matan aure da yawa ta wannan hanya suke neman digiri yanzu, wasu a Jami'ar Karatu Daga Gida ta NOUN wadda aka farfaɗo da ita a 2002, wasu a cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ɗaliban sauran jami'o'i ma sun ɗanɗana zaman gida a lokacin korona a 2020, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022. A ganina, wanda ya faɗi a wannan tsari da wuya a ce rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da shi. Ƙananan abubuwa ne suke taruwa.

Babban cikinsu shi ne ɗalibi ya fara karatu bai sanar da mutanen gida abin da yake ciki ba. A gidajenmu, wanda aka gani zaune, ba shi da aiki ke nan. Kana buɗe littafi za a ce kai niƙa, ka dawo a ce cefane bai cika ba, ka zauna a yi sallama da Baba a ce fita ka ce yana zuwa. Mace kuwa abin ya ninka: ga girki, ga wanke-wanke, ga yaro ya tashi daga barci, ga maƙwabciya ta shigo hira. Ba mugunta ba ce. Waya suka gani a hannunka, ita kuwa waya a idon kowa abin wasa ce.

Wasu sai su ɗauki fushi, su riƙa ƙunƙuni idan an aike su. Wannan ba ya gyara komai, sai dai ya jawo a ce boko ya sa ka raina mutane. Gyaran shi ne a zauna a yi magana tun farkon zango, cikin ladabi, kuma kai ka fara kawo naka tayin. Ka samu mahaifiyarka lokacin da hankalinta yake kwance ka ce: "Mama, duk aiken da ake da shi na safe a tara mini, zan gama kafin ƙarfe tara. Daga tara zuwa sha ɗaya ina aji ne, ko da kin gan ni a ɗaki. Bayan nan duk abin da ya taso ina nan." Ka nuna mata takardar rajista da ranar jarrabawa. Uwar da ta san kuɗin da aka biya da ranar da za a shiga jarrabawa, da kanta za ta riƙa korar ƙanne daga ƙofar ɗakinka. Matar aure ma haka za ta yi da maigida, ta nemi sa'o'i biyu sanannu, ko bayan yara sun tafi makaranta ko bayan sun tafi Islamiyya da yamma. Amma fa sai an cika alkawari. Ranar da aka leƙo aka same ka kana kallon ƙwallo a lokacin da ka ce kana aji, yarjejeniyar ta rushe, kuma da wuya a sake ba ka.

Sai jiran wuta da jiran data. Wanda ya ce sai an kawo wuta zai yi karatu, ya miƙa wa wani ragamar digirinsa. Littattafan kwasa-kwasan NOUN suna nan a shafin jami'ar kyauta. A sauke su gaba ɗaya a makon farko, da datar dare mai rahusa, a ajiye su a waya. Kwas ɗin da ya fi wuya a buga shi a takarda. Duk lokacin da aka kawo wuta, caji ne farko, waya da fitila da fawa-bank.

Ita kanta wayar tana da nata sharrin, domin a cikinta littafin yake, a cikinta kuma WhatsApp da TikTok suke. Mutum zai ce bari in duba saƙo ɗaya, sai ya farga an kira Azahar. Tunda ka riga ka sauke littafin, kashe data kafin ka fara, ka ɗauki biro da littafin rubutu. Abin da hannu ya rubuta ya fi zama.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na masu ƙoƙari. Za ka ga ɗaliba ta zauna sa'a uku tana bin shafi bayan shafi, tana ja wa layuka alama, ta rufe littafi tana jin ta gane. Ranar jarrabawa ta ga tambaya, ta san ta taɓa ganin amsar, har ta tuna a gefen hagu na shafin take, amma ta ƙi zuwa. Dalili kuwa, gane abu idan yana gabanka daban, fito da shi daga ka daban. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma komawa kansa lokaci bayan lokaci yana rage mata gudu. Mu ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya yi hadda ya san ba a riƙe sura da kallon allo kawai. Sai an kife shi an karanto da ka, sannan a riƙa muraja'a, in ba haka ba ta zube. To haka za a yi wa kwas. Ka karanta babi ɗaya, ka rufe, ka rubuta abin da ka tuna a farar takarda, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Gobe ka sake gwada kanka minti goma kafin ka shiga sabon babi, bayan mako ka kuma. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya ma haka ake amfani da su: a amsa tukuna, a duba daga baya. Da farko za ka ji kamar ba ka san komai ba, har ranka ya ɓaci. Kada ka fasa, a nan karatun yake shiga.

Akwai kuma batun aikin gida da ake ba da maki a kansa. A NOUN ana kiransa TMA, kuma maki 30 ne, jarrabawa 70. Masu barinsa sai daren rufewa, a daren ne intanet ke ƙin tafiya, shafin kuma ya cushe saboda kowa ya taso lokaci ɗaya. Mafi muni su ne masu biyan wani a shagon intanet ya yi musu. Ko an ci talatin ɗin, ranar saba'in babu mai shiga ya zauna maka, kuma ka yi asarar hanya mafi sauƙi ta sanin irin tambayoyin da kwas ɗin ke ɗauke da su. Ka yi shi da kanka a makon da aka buɗe.

Yawancin masu karatu daga gida suna da sana'a a gefe: ɗinki, sayar da data, POS, tallan atamfa da turare a WhatsApp. Sana'ar ce ke biyan kuɗin makaranta, saboda haka ba za a ce a bar ta ba. Kuskuren shi ne barin ta ba iyaka, kwastoma ya kira ƙarfe goma na safe ka ajiye littafi, wani ya turo saƙo sha ɗaya na dare ka tashi. Ka sa wa kasuwancin lokacin buɗewa da rufewa kamar mai shago, ka rubuta a shafinka. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsa wa mutane da kansa idan ba ka kusa. Idan jarrabawa ta matso, musamman in ta haɗu da ɗinkin Sallah ko kakar bukukuwa, rage karɓar aiki tun da wuri. Gara ka ce wa kwastoma ba za ka iya ba yau, da ka saɓa masa alkawari kuma ka sake kwas.

Game da wuri da lokaci, kada a yi karatu a kan gado, barci ne zai ci. Tabarma da ɗan teburi a kusurwa ɗaya da aka saba sun isa. Bayan Asuba gari da sanyi, gida shiru, ya fi tsakar rana a watannin zafi nesa ba kusa ba. Kwana a zaune ana shan shayi a daren jarrabawa kuwa yana ɓata abin da aka tara, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta koya.

Kada kuma ka kulle kanka kai kaɗai har zango ya ƙare. Cibiyar karatu ta jiharku tana nan, ka riƙa leƙawa, domin sauyin ranar jarrabawa ko wa'adin rajista yakan wuce wanda ba ya tambaya. Ka nemi mutum biyu ko uku da kuke kwas ɗaya, ku haɗu sau ɗaya a mako, ko ta waya ne, kowa ya zo da babin da zai yi wa sauran bayani ba tare da ya duba littafi ba.