Yadda Ake Ƙarfafa Birkin Datsun 240Z da Kalifar Toyota

Kafin mai Datsun 240Z ya kashe ko kwabo wajen sayen manyan kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai, ina so ya fara yarda da abu ɗaya: birkin da motar ta fito da shi daga kamfani ba na banza ba ne. Nissan ta fitar da ita a ƙarshen 1969. A Japan ana ce mata Fairlady Z, a Amurka kuwa, inda Yutaka Katayama ya tsaya mata har ta yi kasuwa, 240Z ake kiranta, da injinta mai silinda shida, lita 2.4. Nauyinta da kaɗan ya haura tan ɗaya. Ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta maimaita a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Mota marar nauyi haka ba ta buƙatar birkin tirela.

A gaba faifai take da shi, faɗinsa milimita 271, kaurinsa 12.5, da kalifa mai fistin biyu, ɗaya a kowane gefe. A baya diram ne na alminiyom mai inci 9, da tsage-tsage a jikinsa don ya riƙa shan iska. Raunin wannan tsari guda ne: faifan gaba curarre ne, babu ƙofofin iska a cikinsa. Taku ɗaya mai ƙarfi zai kulle tayoyi sarai. Amma ka yi ta takawa a doguwar gangara, ko ka yi gudu da tsayawa a kai a kai, sai zafi ya taru, takalmin birki ya fara wari, feda ta soma nutsewa. Zafin nan shi ake yaƙa, kuma dole a yaƙe shi ba tare da an ɓata rabon aiki tsakanin gaba da baya ba. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya ginu.

Fara da mayar da abin da ke jikin motar yadda yake ran da ta fito. Man birki yana shan danshi daga iska, kuma da zarar ya sha, yakan tafasa da wuri. Sabon man birki mai lambar DOT 3 sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 140 ya ishe shi. DOT 4 yana kai 230, in ya jiƙe 155. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa feda ke tafiya har ƙasa ba abin da ya kama. Zuba DOT 4 daga sabuwar gora mai hatimi, ba ragowar da ta kwana a buɗe a gareji ba. Kada ka haɗa shi da DOT 5, wancan na silikon ne, ba sa gauraya. In ya ɗiga a fenti, wanke da ruwa nan take, don cin fenti yake yi.

Tiyon roba huɗu ne, ɗaya a kowace ƙafa. Wanda ya tsufa yana kumbura in an taka, wani lokaci ma ya toshe daga ciki ya riƙe birki bayan an saki. Sauya su duka, in da hali da irin masu rigar saƙar ƙarfe. Notocin bututun birki milimita 10 ne, kuma a kwance su da sifanar bututu, wadda bakinta ke kusan zagaye notin. Sifana mai buɗaɗɗen baki murje kusurwoyin take yi, daga nan aiki ya koma yankan bututu.

Sai tayoyi, waɗanda mutane ke tsallakewa alhali su ne ke tsayar da mota. Birki tayar yake tsayarwa, taya ce ke kama titi. Tsohuwar mota da ba a yawan hawa takan zauna da tayoyi masu cikakken zane amma robarsu ta bushe ta ƙandare. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In sun haura shekara shida zuwa bakwai, musamman a zafin rana irin namu, ka fara kashe kuɗinka a nan.

Diram ɗin baya yana da wata dabara da yaran gareji da yawa ba su sani ba. Silindar da ke tura takalman fistin ɗaya gare ta, kuma ba a ɗaure take tamau ba, zamewa take yi a jikin farantin baya don ta tura takalmi na biyu. In tsatsa ta kama ta, takalmi ɗaya kaɗai ke aiki. Kwance ta, goge wurin, shafa giris ɗin birki kaɗan, ka tabbata tana motsi da hannu. Hambirki ne ke matso da takalman kusa da diram, don haka bayan an haɗa sai a ja shi a saki sau da yawa har ƙarar ɗan haƙorin ciki ta daina. Ƙurar da ke cikin tsohon diram kuma kada a hure ta da kwamfireso, tsofaffin takalma na iya zama masu asbestos. A jiƙa a goge.

Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya: sabon mai, sabon tiyo, takalmi mai kyau, taya mai kyau. Wanda bai ƙoshi ba, sai mu je ga Toyota.

Masu wannan mota a Amurka sun daɗe da gano cewa kalifar gaba ta Toyota a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ta 1979 zuwa 1985, tana zama daram a wurin ta Datsun, ramukan ƙusoshin sun yi daidai. A wajenmu wannan motar Hilux ce, abin da ya sa nake ganin aikin ya fi mana sauƙi: kayan 240Z sai an yi oda daga waje, kayan tsohuwar Hilux kuwa ana iya dacewa da su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Abin da za ka nema shi ne rubutun S12+8 da aka zuba a jikin ƙarfen. Ta Hilux mai jan ƙafa biyu ba za ta yi ba. Kuma S12+8 ɗin kanta iri biyu ce, akwai siririya ta curarren faifai, akwai mai faɗi ta faifai mai ƙofofin iska. Siririyar kake so. Tafi da ma'auni, ko ka ɗauki tsohon faifanka ka gwada a gaban mai shago. Ka tabbata kuma an ba ka ta dama da ta hagu, ba biyu na gefe ɗaya ba.

Fistin huɗu gare ta, babba da ƙarami a kowane gefe, kimanin milimita 43 da 34. Jin an ce huɗu sai mutum ya ɗauka ƙarfin ya ninka. Bai ninka ba. Fistin ɗin Datsun milimita 54 ne, kuma in ka lissafa faɗin fuskarsa, ka haɗa na Toyota guda biyu, bambancin kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai. Ni kuwa abin da ya sa nake son ta ke nan. Matsin bai sauya ba, don haka rabon aiki tsakanin gaba da baya yana nan yadda injiniyoyin Nissan suka tsara. Ribar tana wani wurin: takalminta ya fi girma, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, kuma ana samunsa ba wahala. Farashin da za ka biya shi ne nauyi, don ƙarfen zubi ce mai kauri, kuma nauyi a ƙafar mota shokozoba ne ke jin jiki.

In ta hannu ka saya, kada ka ɗaura ta haka. Fitar da fistin ɗin huɗu da iska, da guntun katako a tsakiya, yatsunka a nesa. Duk wanda tsatsa ta yi wa ramuka, jefar da shi. Sa sabbin robobi, ka shafa musu man birki, ba man inji ba, man inji kumbura robar birki yake yi.

Wajen ɗaurawa, ɗaga motar ka dasa ta a kan ƙarafan tokara, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Faifan 240Z a bayan hob, wato cibiyar da ake ɗaura wili a kai, yake ɗaure da ƙusoshi huɗu, saboda haka in za a sauya shi sai hob ɗin ya fito. Auna kaurinsa, in ya kusa milimita 10.5 ya gama aiki. Tunda hob ya fito, wanke boris, sa sabon giris da sabuwar robar mai. Farantin da ke tare ƙura a bayan faifai zai tokare sabuwar kalifa, sai ka zana inda ya taɓa, ka yanke da almakashin kwano, ka goge bakin. Ɗan gajeren bututun ƙarfe mai lanƙwasa da ke shiga kalifa yana buƙatar a ɗan tanƙwara shi, a hankali, a kan wani abu mai zagaye don kada ya tsuke. Fara ɗaura notinsa da yatsu, in bai shiga da daɗi ba to ya karkace, kada ka tilasta. Nonon fitar da iska ya kalli sama. In ya kalli ƙasa ka musanya dama da hagu, kuma ko wuni kuka yi kuna bugu iska ba za ta fita ba. Kafin ka sauke motar, ɗaura wilin ka juya shi da hannu, ka saurara ko yana gogar kalifa. Yawancin wili mai inci 14 yana wucewa, amma ba duka ba.

Mastar asali, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, bakinta 7/8 na inci ne, kuma da siririyar S12+8 tana iya aikin. In ka ji feda ta yi maka nisa, ta Datsun 280ZX ta 1979 zuwa 1981, mai 15/16, tana hawa a wurin. Fuskar fistin ɗinta ta fi ta asali da kusan kashi 15 cikin ɗari, sai feda ta gajarta, amma ƙafarka za ta ƙara ƙarfi kafin a samu matsi iri ɗaya. Ba ƙarin birki ba ne, musaya ce. Duba harafin F (gaba) da R (baya) a jikinta ka kai kowane bututu inda ya dace, don a motocin farko-farko jerin ya sha bamban. Sandar da ke fitowa daga sabo (servo, tulun da ke ƙara wa feda ƙarfi) tana tura masta tana da zare, sai an daidaita tsawonta. In ta gaza, feda za ta yi tafiyar banza. In ta wuce, birki zai riƙa kamawa da kansa da zarar ya ɗumama. A bayan sandar nan akwai wata 'yar roba zagayayya kamar kwabo. Ka ja sandar da garaje, sai ta faɗa cikin sabo, kuma alamar ita ce feda ta tafi salalam sannan birki ya cafke farat ɗaya. Liƙa ta da gam a gindin sandar kafin ka mayar.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Fara da masta, tana da nonuwanta a gefe. Sannan ka bi bututu da ido ka fara da ƙafar da tafiyar mai ta fi nisa. Sa siririn tiyo mai gani har hanji a nonon, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai a gindi. Yaro yana kan kujera, kai kana tsugune a ƙafa.

"Buga."

Ya taka sau uku a hankali.

"Riƙe."

"Na riƙe, Oga."

Ka buɗe rubu'in juyi, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse, ka rufe tukuna kafin ka ce, "Saki." In ya riga ka sakin, ya zuƙo iskar da kuka fitar. Haka za ku yi ta yi har man ya fito garau ba ƙwayar kumfa, kana leƙa kofin masta kada ya ƙafe. Kalifar Toyota tana ɓoye iska a lungu, ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙotar guduma.

Akwai mataki na gaba, kalifar S12W mai manyan fistin huɗu da faifan Nissan 300ZX mai ƙofofin iska, da wani zobe da ake sawa tsakanin hob da faifai. Wannan yana maganin zafi da gaske, amma matsin gaba yana ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Gaba sai ya riƙa kullewa baya bai yi aikinsa ba, mota ta ƙara nisan tsayawa bayan an kashe kuɗi. Daga nan sai a ce a mayar da baya faifai, a sa bawul mai daidaitawa, a sayi wili mai inci 15. Ga mai zuwa filin tsere, ya halatta. Ga motar yawon Lahadi, ban ga dalili ba, diram ɗin alminiyom ɗin nan ya fi wasu faifan da ake ƙaƙaba wa motar riƙon hambirki. Ko me ka yi, adana kalifar asali a kwali, masu sayen 240Z suna tambayarta.

Saura zaunar da takalmi. Nemi miƙaƙƙen titi da ba kowa, ka kai kilomita 80, ka taka da ƙarfi zuwa kamar 15 ba tare da kulle taya ko tsayawa cik ba. Maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba don ya huce. In ka tsaya ƙafarka a kan feda faifai na da zafi, takalmin zai bar tabo, daga baya sitiyari ya riƙa rawa. Washegari gwada taku mai tsanani a ƙaramin gudu, wani yana kallo daga gefe: gaba ya kamata ya riga baya kullewa da ɗan kaɗan. In baya ne ya riga, motar za ta juya da kai, kada ka hau titi sai an duba bawul ɗin rabon matsi, wanda a motocin 1970 zuwa 1972 yake can baya kusa da difaransha, daga 1973 kuma ya dawo ɗakin inji. Bayan mako guda sake bin kowane noti da farin tsumma ka ga ko akwai inda ke tsatsafo.