Yadda Malamin Sakandare Zai Shigar da Rubutu Cikin Darasinsa

A yawancin makarantun sakandare, abin da ake kira rubutu bai wuce kwafe abin da malami ya cika allo da shi ba, har ɗalibi ya kai ajin ƙarshe bai saba bayyana fahimtarsa da kalmomin kansa ba. Ranar da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO aka nemi ya yi bayani, sai haddar da ya dogara da ita ta kasa fitar da shi. Malamin Lissafi da na Aikin Gona da na Tarihi duk suna da hannu a gyaran wannan, domin babu mai koya wa yaro rubuta bayanin kimiyya kamar wanda ya koya masa kimiyyar.

Da farko, malami ya ware minti biyar zuwa bakwai a ƙarshen darasi, ya sa a rufe littattafai, sannan ya ba da tambaya guda ɗaya da za a amsa cikin jimla uku ko huɗu. Ingancin aikin ya rataya ne a kan tambayar. Idan aka ce ɗalibi ya faɗi shekarar da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, zai rubuta 1804 ya ajiye biro. Amma idan aka tambaye shi abin da ya kawo saɓani tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa har aka kai ga hijirar, dole ya tsaya ya jera dalilai. Haka nan a Aikin Gona, maimakon a ce ya lissafa amfanin wake, a tambaye shi dalilin da ya sa manomi ke haɗa wake da gero a gona ɗaya, domin ya kai ga bayanin yadda saiwar wake ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. A Lissafi kuwa, ya rubuta a gefen kowane mataki abin da ya yi da hujjarsa, kuma a nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya leƙa takardar maƙwabcinsa.

Kafin a nemi ɗalibai su rubuta, malami ya rubuta misali ɗaya a allo a gabansu, yana faɗin abin da yake tunani, yana gogewa yana gyarawa, don su ga cewa rubutu mai kyau ba ya fitowa a tashi ɗaya. Ba laifi ba ne a bar su su tattauna amsar da Hausa kafin su rubuta ta da Turanci, tunda da Turancin za a jarraba su.

Abin da ke sa malamai su ja da baya shi ne duba takardu, musamman a ajin da ya cika maƙil. Ba sai an duba duka ba. Malami ya ɗauki goma kowace rana bi da bi, ya karanta biyu ga aji ba tare da ambaton suna ba, a gyara su tare. Ya kuma sa ido a kan ma'ana kafin nahawu, domin takardar da ta dawo jawur da jan biro kan sa yaro ya rage abin da zai rubuta gobe. Gyara ɗaya ko biyu sun isa a kowace takarda, a kuma ba shi damar sake rubutawa a darasi na gaba.