Darasi na 9: Shukar Cikin Akwatin Kifi, Haskenta da Takinta

A darasin da ya wuce mun yi magana kan yadda ake haɗa akwatin kifi na gilashi, wanda masu sayarwa suke ce ma akwariyom, yadda ake wanke tsakuwa a zuba ruwa a saki kifi a hankali. To tun daga ranar kusan duk wanda ya gwada ya dawo min da kuka iri ɗaya, wai Malam kifin nan lafiyarsu ƙalau amma ciyawar ce ta ƙi, sati biyu ganyen ya koma ruwan ɗorawa, sati uku ya narke ya yi yauƙi kamar miyar karkashi. Wata mahaifiyarmu daga Tudun Wada har ganyen ta ƙunso a leda ta kawo aji don in gani da idona. Shi ya sa na ce yau ba za mu wuce gaba ba sai mun warware wannan.

Abu na farko da nake so ku riƙe, iyayena da 'yan uwana, shukar cikin ruwa shuka ce kamar masarar gona, bata da wani sirri na daban. Da yawanku manoma ne ko 'ya'yan manoma, kun san masarar da ta fito a ƙarƙashin inuwar mangwaro bata yin ƙwari, kun kuma san wadda aka labta ma taki fiye da kima ƙonewa take. Ilimin nan naku shi za mu ɗauko mu shigar cikin gilashi.

Ganye shi ne madafin shuka. In haske ya sauka a kansa, yana ɗaukar ruwa da iskar da kifi ke fitarwa in ya yi numfashi, ya haɗa su ya yi abincinsa, sannan ya saki iskar oksijin wadda kifin ke shaƙa. In shukarku tana jin daɗi, ku matso kusa da gilashin bayan fitila ta yi awa uku ko huɗu a kunne, wani lokacin za ku ga ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero sun manne a ƙarƙashin ganye, can sai ɗaya ta ɓalle ta yi sama a hankali, wata ta biyo ta. Oksijin ɗin kenan kuke gani da ido. Amma da dare in duhu ya yi girkin yana tsayawa, shukar ita ma ta koma shaƙar oksijin kamar kifin, don haka mai famfon iska kar ya kashe shi da dare wai don a huta da ƙara, lokacin ne ma aka fi bukatarsa.

Mutum zai ce to ai Allah ya hore mana rana a Kaduna, me zai hana in ajiye akwatin a bakin taga? Ni ma haka na yi da nawa na farko, a watan Maris, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Kwana goma bai cika ba ruwan ya zama kore shar, ko kifin bana hangowa, gansakuka ta lulluɓe ganyen duka, ruwan kuma in ka sa hannu da la'asar sai ka ji shi da ɗumi. Na yi asarar kifi uku, kuma har yau abin yana min ciwo don amana ce na ɗauka. Rana ta fi ƙarfin ƙaramin akwati. Gansakuka ita ma haske take ci da taki kamar shuka, sai dai ta fi shuka saurin yaɗuwa, duk abinda ya yi yawa shukar bata iya cinyewa ba ita ke kwashewa. Kifayen ado da aka fi sayarwa sun fi son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, rana kuwa sai ta wuce da shi nan. Ku ajiye akwati a gefen ɗaki inda rana bata dukansa kai tsaye, ku sa masa fitila a sama.

Fitilar da nake ba ku shawara ita ce LED mai farin haske, bata cin wuta sosai bata kuma dafa ruwa kamar tsohon ƙwan nan mai jan haske. In kun je shagon kayan wuta, ko a Kasuwar Gumi ne ko a unguwa, ku juya kwalin ku nemi lambar nan: 6500K. Ku karanta ta tare da ni, shida, biyar, sifili, sifili, sai harafin K. Wannan lambar tana nufin haskenta fari ne irin na tsakar rana. In kun ga 2700K ko 3000K to mai ja-ja ce, shuka zata iya rayuwa da ita amma akwatin baya kyan gani. Ku ɗaga ta sama da ruwa yadda feshi ba zai taɓa ta ba, kuma duk lokacin da za ku sa hannu a ruwa ku fara zare waya daga soket, wannan ba abin wasa bane.

Awa nawa? Awa 6 zuwa 8 a rana, shikenan. Wanda bashi da agogo ko na'urar da ke kunnawa ta kashe da kanta, ga hanya mai sauƙi: in ka dawo daga Azahar ka kunna, in ka dawo daga Isha'i ka kashe, zai baka wajen awa bakwai, ga shi kuma da yamma lokacin da iyali ke zaune ne akwatin ke haske kowa ya more kallo. Sabon akwati ku fara da awa 6, in sati biyu ya wuce gilashi na nan tas ku ƙara ɗaya. Na san maganar da ke bakinku, maganar ɗauke wuta. In an ɗauke yini guda ko biyu shukar ba zata mutu ba, kar ku ce za ku rama mata ku bar fitila ta kwana a kunne in an kawo, ramuwar nan gansakuka kaɗai take yi ma amfani, kifi ma yana bukatar duhu ya huta. Wanda yake da hali ya nemi 'yar fitilar caji ko ta sola mai farin haske ya ɗora, ta wadatar. Da hunturu kuma ku riƙa goge murfin gilashin da fitilar da tsumma, ƙurar nan da ke kwanciya a kai tana tare haske sosai mutum bai sani ba.

Yanzu taki. Anan ne na fi jin tsoro, don anan ake yin ɓarnar da bata gyaruwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun takin zamani ya ga haruffa uku a jiki, N da P da K. N naitirojin ne, shi ke sa ganye kore. P fosfaras, K kuma fotasiyam. Shukar ruwa ma su take ci, da wasu ƙanana a kai, babba a cikinsu shi ne sinadarin ƙarfe. Sai dai ita tana da masu yi mata taki a gida, wato kifin. Abincin da kuka zuba suka ci suka yi kashi, wasu ƙwayoyin halitta da ido baya gani da ke zaune a tsakuwa da cikin filta, wato na'urar tace ruwa, suna sarrafa shi ya zama abincin shuka. Akwatin da ke da kifi daidai da shuka kaɗan sau da yawa N da P ɗinsa sun isa, abinda ke yankewa shi ne fotasiyam da ƙarfe.

Don Allah kar kowa ya ɗebi Yuriya ko NPK na gona ya zuba a akwatin kifi, ko ɗan tsunkule ne. Takin gona yana sakin amoniya a ruwa, amoniya kuwa guba ce ga kifi, tana ƙona masa wurin numfashi, za ka ga ya taso sama yana haki kafin ka ankara ya kife. Kashin kaji da na shanu su ma haka, ga ruɓa ruwa. Gona ƙasa ce mai faɗi tana shanyewa, akwati kuwa ruwa ne ɗan kaɗan a rufe, abinda ka zuba yana nan bashi da wajen zuwa.

Takin da aka yi don akwatin kifi iri biyu ne, wajen masu sayar da kifin ado ake samu. Akwai na ruwa a kwalba da ake ɗigawa, shi na shukar da ke ci ta ganye ne. Akwai kuma mai kamar ƙwayar magani da ake turawa cikin tsakuwa kusa da saiwa, wata biyu zuwa uku ake sake wani, shi kuma na masu ci ta saiwa ne irin su Balisneriya, mai dogon ganyen nan siriri kamar na albasa. A jikin kwalba za a rubuta mili kaza ga lita kaza, to dole kenan ka san lita nawa akwatinka ke ci, lissafin kuma ba wuya. Ka ari tef ɗin tela ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita. Misali tsawo 60, faɗi 30, zurfi 30. 60 sau 30 ya ba da 1800, 1800 sau 30 ya ba da 54000, ka raba da 1000, lita 54 kenan, wato jarka biyu ta 'yan ga-ruwa mai lita 25 da ɗan ɗori. Tsakuwa da duwatsu sun cinye wani wuri don haka ka ɗauka 50 ne. In kwalba ta ce mili 5 ga lita 50, ni shawarata ka fara da rabi, mili 2 da rabi sau ɗaya a sati. Sirinji sabo na kemis mai mili 5, ka cire allurar ka yar, ya fi murfin kwalba auna daidai.

Ta yaya za ka san abinda shukar ta rasa? Ganyen zai faɗa maka, karanta shi ake yi kamar yadda muke karanta allo. Tambayar farko kullum ita ce, wane ganye ne ya lalace, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? In tsofaffin ne suke komawa ruwan ɗorawa suna zubewa sababbin kuma ƙanana suke fitowa, naitirojin ne ya yi kaɗan, shukar tana zare shi daga tsohon ganye ta kai ma sabo, kamar uwa ta cire loma daga bakinta ta ba yaro. In kuwa sabon ganye ne ya fito fari-fari ko rawaya amma jijiyoyinsa kore, ƙarfe ne babu, don shi ƙarfe in ya shiga tsohon ganye baya fitowa. In ka ɗaga ganye ka ga ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura, gefen hujin ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, wannan fotasiyam ne. Ganyen da mahaifiyarmu ta kawo a leda irin wannan ne, mun ƙirga huji 11 a ganye ɗaya a gaban aji. In kuma kara ya yi tsawo siriri, tazara tsakanin ganye da ganye ta yi nisa, na ƙasa suna zubewa, ba taki yake nema ba, haske yake miƙa wuya yana nema. Ganyen da ya riga ya lalace baya warkewa, ku yanke shi da almakashi ku cire, a sabon toho ake gane ko gyara ya karɓu. Sannan shukar da aka sayo jiya in ta zubar da ganye a satin farko kar ku tuge ta, da yawa a waje da ruwa aka rene su, sai sun zubar da na tudu su fito da na ruwa.

Wanda yake farawa ya nemi Anubiyas, shukar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har a kudancin ƙasar nan tana fitowa a bakin rafuka cikin inuwa, shi ya sa bata damu da haske mai yawa ba. Tana da kara mai kauri a kwance kamar citta, shi wannan karan ba a binne shi, in aka binne ruɓewa yake, da zare ake ɗaure shi jikin dutse ko itace har saiwar ta kama da kanta. Kainuwa ma, dashen Allah, tana da amfani ƙwarai, tana yawo a sama saiwarta na zuƙe dattin ruwa gansakuka ta rasa abinci, amma ku riƙa ragewa kar ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa ta hana na ƙasa haske. In daga kududdufi ko gefen Kogin Kaduna aka samo ta, a ɗebo da sanda ko kwando ba sai an shiga ruwan ba, a wanke a ajiye a bokiti daban sati biyu ana tsince dodon koɗi, don wasunsu ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Karfasa da kifin nan mai ruwan zinare kuwa masu cin ganye ne da tone saiwa, in su ne a akwatinka ba laifin taki bane.

Duk sati ku kwashe kwatan ruwan ku zuba sabo, a akwati mai lita 54 wajen lita 14 kenan. In na famfo ne a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini don kulorin, maganin nan da ake sa ma ruwan famfo, ya fita, ko a sa maganin kashe kulorin. Bayan canjin ruwa ne ake ɗiga taki. Ruwan da aka kwashe kar a zubar a kwata, a ba zogale ko alayyahun tsakar gida. Lokacin sanyi shuka tana rage girma, ku ma ku rage takin. In gansakuka ta taso ku rage awa ɗaya na fitila, ku rage abincin kifi, ku kankare gilashi. Kuma abu ɗaya ake canzawa a jira sati biyu, wanda ya ƙara taki ya canza fitila ya sake tsakuwa duk rana ɗaya, ko ta gyaru ko ta ɓaci ba zai san dalili ba.

Aikin gida: kowa ya auna akwatinsa, wanda bashi da shi ya auna kwalin taliya ko wani kwali a gida, ya rubuta lambobin uku a littafinsa ya fitar da lita. Ku rubuta kalmomin nan sau biyar biyar: haske, taki, ganye, saiwa, gansakuka. Masu akwati kuma ku buɗe shafi guda, kullum ku rubuta ƙarfe nawa kuka kunna fitila ƙarfe nawa kuka kashe, in akwai ganyen da ya lalace ku yanko shi ku zo da shi ranar Asabar mu duba tare.